Turaku Arba'in A Ƙarƙashin Teku: Jinjina Ga Malam Tankari

Idan aka idar da sallar asuba a unguwar Xiaobei, yawancinmu komawa barci muke yi, don kasuwannin Guangzhou ba sa buɗewa sai hantsi. Malam Tankari ba ya komawa. A ɗakinsa da ke hawa na biyar, cikin wani lungu bayan titin Huanshi Lu, yakan shimfiɗa farin ƙyalle, ya wanke hannu sau biyu, sannan ya ɗauko akwatin gilashin da kyamararsa ke zama a ciki. A bakin murfin akwatin akwai wani siririn zoben roba baƙi. Yakan zare shi a hankali, ya rufe ido, ya bi shi da yatsa yana laluben gashi ko ƙwayar yashi. Gashi guda in ya kwanta a kan robar nan, ruwan gishiri ya sami hanya ke nan, kyamara ta mutu, aikin wata guda ya tashi a banza. In ya gamsu, sai ya shafa wa robar ɗan mai, ya mayar, ya rufe.

Ba ya cin abinci mai nauyi, ruwan shayi ne da gutsuren burodi. Sai ya saɓa jaka biyu, ɗaya ta kyamara, ɗaya ta rigar roba da gilashin fuska da takalmin kwaɗo, ya sauko. Tafiyar awa uku ce a bas zuwa bakin teku, sannan awa guda a kwalekwale mai inji zuwa wani ɗan tsibiri da ba kowa a kansa sai tsuntsaye. Kwana uku a kowane mako haka yake yi. In ya dawo, fuskarsa da shatin gilashi, 'yan kasuwa da ke zaune bakin shaguna sukan ɗaga murya: "Sarkin kifi, yau me ka kamo mana?" Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Meyo," wato babu, kamar yadda 'yan China ke faɗa in kaya ya ƙare, ya wuce.

Shekara biyar ana wannan raha, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayarsa me yake yi a can. Yanzu aikin ya ƙare, likita ya hana shi shiga ruwa har iya rayuwarsa. Shi ya sa ya kamata a faɗa tun yana raye, yana kuma iya karantawa.

Tankari mutumin Gaya ne ta Jamhuriyar Nijar, wadda ke bakin kogin Kwara. Basarke ne, mahaifinsa masunci, kakansa masunci. Tun yana saurayi aka san shi da nutso. In koma ta maƙale a jikin itace a ƙasan ruwa, ko injin jirgi ya suɓuce ya nutse, shi ake kira. Ruwan Kwara da damina jawur yake, ko tafin hannunka ba za ka gani ba, don haka ya saba gani da yatsu. Da kifi ya yi ƙaranci, sana'ar ta kasa riƙe gida, mijin yayarsa, Alhaji Harouna, wanda ke safarar jakunkuna daga garin Shiling na China zuwa Yamai, ya kawo shi Guangzhou a shekarar 2003. Ya bar matarsa Rekiya da 'ya'ya uku a gida.

Gaskiya ɗaya ce, Tankari bai iya kasuwanci ba. Ba ya iya taya kaya, kunya yake ji. Da Alhaji Harouna ya gane haka, sai ya miƙa masa wata 'yar kyamara ya ce ya riƙa bin masana'antun Shiling yana ɗaukar hoton sababbin jakunkuna ana aika wa masu saye. A nan aka ga yana da ido. Yakan juya jaka ya nemi inda haske ya faɗo mata, har a ga zaren ɗinki.

Wata rana kyamarar ta sami matsala, ya kai ta gyara a wata kasuwar kayan lantarki da ke Tianhe. A gaban mai gyaran ya tarar da wata tsohuwa 'yar China, gajeruwa, da furfura, ta baje hotuna a kan teburi tana faɗa. Hotunan duk hazo ne ruwan ƙasa, ba a ganin komai sai inuwa. Ita ta dage kyamararta ce ta lalace, mai gyara ya dage lafiyarta lau. Tankari ya leƙa. Ya san wannan launi. Launin gida ne.

Da 'yar guntuwar Sinancin da ya tsinta a kasuwa, da hannu, da ka, ya ce mata, "Kyamara lafiya. Mutumin da ya ɗauka ne yake tsoron laka. Ya tsaya nesa, yana harba ƙafa, yana tayar da ita. A irin wannan ruwa sai ka matso kamar taƙi ɗaya, ka fuskanci inda ruwa ke tahowa, ka kwanta shiru."

Tsohuwar ta cire tabarau ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai a ina ka san wannan?"

"A garinmu."

"Garinku akwai teku?"

"Meyo. Kogi ne."

Sunanta Malama Kwang, mai binciken halittun teku ce a wata jami'a ta garin. Ta daɗe tana neman wanda zai riƙa ɗaukar mata hoton abin da ke rayuwa a bakin teku, inda kogi ke zubo da laka da dattin birane. Masu nutson da take samu a ruwa mai haske suka koya, in sun shiga wannan duhu sai su rikice. Ta rubuta masa adireshi a bayan ɗaya daga cikin hotunan.

Alhaji Harouna bai ji daɗin maganar ba. "Tankari, na raba ka da ruwa don ka zama mutum, shi ne za ka koma? Har China?"

"Alhaji, ka yi mini haƙuri. Shekara guda ke nan ina nan, ban taɓa jin wani ya faɗi abin da na fi shi sani ba sai yau."

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. Nutso da numfashin ƙirji daban, nutso da tukunyar iska a baya daban. Akwai jarrabawa ta rubutu, shi kuwa bokonsa bai wuce aji uku na Faransanci ba. Sau biyu yana faɗuwa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne jadawalin nutso, wanda ke faɗin zurfi kaza minti kaza kawai ake yi, kuma in za ka fito sai ka tsaya a hanya ka jira. An yi masa bayani cewa iskar da mutum ke shaƙa a can ƙasa tana narkewa cikin jini, in ya taso da sauri sai ta zama kumfa, ta toshe jijiya, ta ci gaɓoɓi. Tankari ya kwafe jadawalin a takarda, ya riƙa biya shi kullum bayan sallah kamar mai hadda, har ya zauna masa. A karo na uku ya ci. Jami'ar ta nemo masa takardar zama a matsayin mai taimako.

Ranar da ya fara sauka gindin tsibirin, a farkon 2005, ya ga abin da bai taɓa zato ba. Cikin wannan ruwa mai duhu, da ya matso da fitila, sai ga duwatsu masu rassa, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwaƙwalwa, ruwan ɗorawa da kore, ƙananan kifaye na shige da fice a tsakaninsu. Malama Kwang ta ce masa dangin murjani ne, kuma ba dutse ba ne, dabbobi ne ƙanana dubbai da ke gina gida da jikinsu. Shi da ya san murjani a wuyan mata kawai, ya daɗe a zaune cikin kwalekwale yana kallon ruwan. A wannan makon ne kuma ya ɗauki hoton dokin teku, wani ɗan kifi da bai fi yatsa ba, mai kai irin na doki, ya naɗe wutsiya a jikin ciyawa, cikinsa ya kumbura. Da aka gaya masa namijin ne ke ɗaukar ciki, ya kira Rekiya ta waya ya ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "To Malam, in za ka dawo ka taho mana da irin wannan adalcin."

Aikin da aka ba shi ba na nishaɗi ba ne. Shi da hannunsa ya kafa turakun ƙarfe arba'in a ƙasan ruwa kewaye da tsibirin, kowanne da lambarsa. Duk wata sai ya je wa kowane turke, ya ɗauki hoton abin da ke gindinsa, daga gefe guda, daga nisa guda, ba ƙari ba ragi. In hazo ya hana gani, da hannu yake laluben lamba. Wata biyu ko uku ba ka ganin bambanci. Amma in ka jera na shekara guda, sai ka ga abin da ke faruwa. Laka tana sauka a hankali. Kore yana komawa fari, fari yana komawa toka. Ledoji suna naɗe rassa. Ga tsofaffin komaye da masunta suka yar, suna nan a ƙasa suna ci gaba da kamu ba mai kwashewa, cike da ƙaguwa da kifin da suka ruɓe. Tankari yana tafiya da wuƙa da wani buhun ƙyalle, in ya gama ɗauka sai ya yanka abin da zai iya, ya fito da shi.

Sau ɗaya ya tarar da jaririn wani babban kifi mai shayarwa, irin mai launin ruwan hoda, ya mutu cikin koma. Hannunsa ya kai ga wuƙa ya yanke shi ya fito da shi, bai ɗauki hoto ba. Malama Kwang ta duba gawar, idonta ya kawo ruwa, amma ta juyo ta ce masa, "Gobe in na ce koma ce ta kashe shi, wa zai yarda? Daga yau ka fara ɗauka kafin ka taɓa." Bai sake mantawa ba.

Kai ne idon da ya shiga inda ido ba ya aiki, Tankari. Mu muna sama muna ɗaure kwali, muna cika kwantena, ba mu san inda ledar da muka yaga take ƙarewa ba. Kai ka sani, don a fuskarka take mannewa.

A watan Janairun 2008 aka yi sanyin da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Jiragen ƙasa suka tsaya, dubban mutane suka yi cirko-cirko a tasha cikin ruwan sama. A teku kuwa ruwa ya yi sanyin da halittun wurin ba su saba da shi ba. Sauran masu nutso suka ce sai yanayi ya gyaru. Malama Kwang ma ta ce a dakata. Tankari ya ce mata, "Lauban," wato shugaba, haka yake kiranta, "in muka jira, gawa za mu tarar. Ba za mu san yadda suka mutu ba."

Kwana goma sha ɗaya a jere yana shiga, da rigar roba biyu a jikinsa. In ya fito leɓɓansa sun yi baƙi, yatsunsa ba sa iya buɗe maɓallin riga, sai an buɗe masa. Kusa da tsibirin akwai wani tsoho mai kiwon kifi a cikin keji, ana ce masa Baba Lam. Kifayensa suka soma tasowa cikinsu a sama. Ya roƙi Tankari ya leƙa masa ƙasan kejin. Abin da ya gani ya daɗe yana dawo masa: kifaye manya kwance a ƙasa gefe da gefe, jere kamar takalma a ƙofar masallaci, wasu har yanzu suna motsa baki. Ya ɗauka. Da ya fito, tsohon ya dubi hotunan a bayan kyamara, ya zauna a bakin kejin ya rufe fuska da hula. Waɗannan hotuna ne masu kiwon kifin yankin suka riƙe shaida da aka zo tantance ɓarnar. Tun daga nan, duk ranar da Tankari ya je, sai Baba Lam ya dafa masa ruwan citta.

Sanyin ya kashe abin da ke gindin turaku tara.

Sannan bazara ta zo da nata. Wasannin Olamfik sun matso, aka ƙara tsananta biza. Wanda ya saba sabunta tasa cikin sauƙi sai aka ce ya koma ƙasarsa ya nemo. Xiaobei ta yi shiru, shaguna suka rufe, sahun sallah ya ragu. Alhaji Harouna na cikin waɗanda suka tafi. Ya ce, "Tankari, haɗa kayanka mu koma tare." Tankari ya ce akwai zagayen watan Agusta da bai yi ba.

Waɗanda takardunsu suka ƙare kuma suka kasa fita, sun shiga ɓuya. Cikinsu akwai Munkaila, Bakano, magidanci mai 'ya'ya biyu, ƙanin Hajiya Saffana mai sayar da jakunkuna. Wani mai jirgin kamun kifi ya yi masa alkawarin zai tsallakar da shi ta ruwa zuwa inda zai sami jirgin sama. Jirgin ya yi lodi fiye da ƙima, igiyar ruwa ta kifar da shi a bakin teku. Aka ceto sauran mutanen da ke ciki, ba a ga Munkaila ba. Masu ceto suka yi kwana biyu suna nema, aka ba da sanarwar guguwa na tafe, suka janye.

Da hantsin rana ta uku Hajiya Saffana ta hau benen nan har hawa na biyar da ƙafarta. Ba ta taɓa shiga ɗakin Tankari ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Tankari, an ce kai kana shiga ƙasan teku."

"Ina shiga, Hajiya. Allah Ya ba da haƙuri."

"Mahaifiyarmu tana Kano, ta haura tamanin. Tun shekaranjiya tambaya ɗaya take mini, an yi masa wanka? An yi masa sallah? Na rasa abin da zan ce mata. Ba na ce ka dawo mini da shi da rai ba."

Tankari ya san wurin da aka ce jirgin ya nutse. Zurfinsa ya haura mita talatin, ya ninka inda ya saba aiki. Ya san abin da jadawali ya ce. Ya dubi jakarsa, ya dubi matar. Ya ce, "Bari in sa takalmi."

Baba Lam ne ya kai su da kwalekwalensa. Hajiya da wasu 'yan kasuwa uku suka tsaya a bakin gaɓa. Tukwanen iska uku gare shi. Ya sauka na farko, duhu kamar cikin rijiya, bai taɓa komai ba sai laka. Ya sauka na biyu, hannunsa ya faɗa kan katakon jirgi, lokaci ya ƙare, ya fito. Sama ta fara haɗuwa, iska ta canja. Baba Lam ya riƙe masa hannu yana girgiza kai. Tankari ya ɗaura tukunya ta ƙarshe.

A ƙarƙashin gefen jirgin ya same shi, koma ta naɗe masa ƙafafu da ƙugu. Hannun Tankari ya kai ga wuƙa, sai ya tsaya. Ya ja da baya, ya ɗauki hoto biyu ta bayan gawar, yadda za a ga jirgin da komar. Sannan ya matso da fitila ya ga fuskar. Kwana uku a teku ba ƙaramin abu ba ne. Ya zazzage buhun ƙyallensa, ya rufa masa a kai, ya ɗaure. Ya soma yankan koma, zare bayan zare, mai kauri ce, wuƙar ta dushe. Da ya dubi agogon iska, allura ta shiga ja. In ya bar gawar yanzu, iskar za ta ishe shi ya tsaya a hanya kamar yadda doka ta ce, amma ba sauran tukunya, guguwa kuma za ta kwashe komai. Ya ci gaba da yanka. Ya ɗaura igiyar da ta sauko daga kwalekwale a ƙirjin Munkaila, ya ja ta sau uku don Baba Lam ya sani, ya taso kai tsaye ba tsayawa, yana zuƙar ƙarshen iskar.

Shi ya taya tsohon jawo gawar cikin kwalekwale. Da suka isa gaɓa, Hajiya Saffana ta nufo su, ta ga buhun, ta tsaya.

"Malam, kifi ya taɓa shi?"

Tankari bai iya ƙarya ba, bai kuma iya faɗa ba. Ya ce, "Hajiya, tun a ƙasa na suturta shi. Ki bar shi haka. Ki ce wa Inna ɗanta ya fito, za a yi masa sallah."

Bai rufe baki ba ya ji kamar an kafa masa ƙusa a ƙugu. Ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a kan yashi. Awa shida aka yi kafin a kai shi asibitin da ke da ɗakin ƙarfen nan mai kama da tankin mai, inda ake matse mai nutso da iska don kumfar ta narke. Yana kwance a asibitin aka yi jana'izar Munkaila a maƙabartar Musulmi. Hotunan nan biyu ne suka gamsar da hukuma yadda mutuwar ta auku, aka saki gawar cikin kwana biyu, ba a riƙe ta makonni ana bincike ba.

Malama Kwang ta zo asibiti ranta a ɓace. "Wa ya koya maka tasowa haka?"

"Ba ke ba ce, lauban."

"Shi ya riga ya mutu. Kai kana da mata da 'ya'ya."

"Na sani. Na tuna da su a ƙasa. Amma yayarsa na tsaye a bakin ruwa."

Tsohuwar ta juya baya tana kallon bango, ta daɗe ba ta juyo ba.

Kai ne ka san farashin abin da za ka yi, don ka haddace shi baƙi da baƙi, ka kuma yi. Ba ɗan'uwanka ba ne, ba ɗan garinku ba, ba ma ɗan ƙasarku ba. Basarke ɗan Basarke, ruwa ya ci ƙashinka, bai ci amanarka ba.

Wata huɗu ya yi bai shiga ruwa ba. A cikin watannin nan wani kamfani ya sami izinin gina matsayar jiragen ruwa a jikin tsibirin, manyan injina suka fara haƙar ƙasan teku. Masu kamfanin suka ce wurin laka ce tsantsa, ba abin da ke rayuwa a ciki. Malama Kwang ta kwashi hotunan Tankari na shekara huɗu, turke bayan turke, wata bayan wata, ta kai gaban kwamitin da ke sauraron ƙorafi. Ba a soke aikin ba. An dai matsar da shi gefe guda. Turaku ashirin da shida suka binne ƙarƙashin laka da duwatsun gini, goma sha huɗu suka tsira.

Ya koma, yana ɗingishi, da izinin shiga ruwa marar zurfi kawai. Duk shekarar 2009 ya riƙa zagaya goma sha huɗun, har da waɗanda suka binne in ya iya gano inda suke. Ya koya wa ɗalibai biyu mata na jami'ar yadda ake kwanciya a laka ba a tayar da ita ba. A watan jiya hoton asibiti ya nuna kan ƙashin ƙugunsa yana rugujewa, jini ba ya isa wurin. Likita ya ce an gama. A cikin rahotannin da aka buga da hotunansa, ƙarƙashin kowane hoto an rubuta tawagar bincike. Sunansa ba ya cikin ko ɗaya.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, Hajiya Saffana ta share ɗakin ajiyar kayanta, ta tara mu. Malama Kwang ta zo da na'ura, aka haska hotunan a bango. Mutanen da suka yi shekaru suna wucewa ta gefensa suka ga abin da yake yi a karon farko. Aka yi ta salati. Daga baya Tankari ya ce a nuna turke na goma sha bakwai, daga farko har ƙarshe. Hoton farko rassa ne kore, kifaye kamar an watsa gero. Aka riƙa wucewa, launi yana gudu, rassa suna karyewa. Hotuna goma sha biyu na ƙarshe ba komai a cikinsu sai laka da kan turke.

Alhaji Harouna, wanda ya dawo bayan an sassauta biza, ya gyara murya. "Tankari, waɗannan na ƙarshen fa? Da ciwon ƙafa, ka yi tafiyar awa huɗu, ka shiga ruwa, don ka ɗauki hoton laka?"

Tankari ya ce, "Alhaji, in ban ɗauka ba, gobe wani zai zo ya ce dama can laka ce."

Aka kashe na'urar.

Mun gode, Malam Tankari. Mun gode a madadin tsohuwar da ke Kano, wadda ta sami amsar tambayarta. Mun gode a madadin masu keji, da halittun da ba su da bakin faɗa. Ka yafe mana shekarun da muka yi muna yi maka dariya. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa wahalar nan ta zama kaffara, Ya albarkaci zuri'arka.

Ku kuma matasanmu na Gaya da Yawuri da Argungu da bakin tafkin Cadi, waɗanda kuka tashi kuna iyo kafin ku iya karatu, kada ku ɗauka abin da kuka gada ƙauyanci ne. Kogunanmu ma suna mutuwa, kuma ba wanda ke sauka ya duba. Ku koyi jadawali, ku koyi kyamara, ku kafa naku turakun.

Ranar Juma'a bayan sallah Malam Tankari zai tashi zuwa gida. Duk wanda ke kusa da Huanshi Lu, ya daure ya hau benen nan ya yi masa sallama. In kun je, ku zauna ta damansa, ku ɗan ɗaga murya. Kunnensa na hagu ya daina ji tun ranar da ya fito da Munkaila, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba sai likita.